Manomin Dutse

Shekara goma sha biyu ina fitar wa 'yan unguwarmu Zangouettin kaya daga duwan, wato kwastan, atamfa da shadda da fitilu, ban taɓa cika takarda ta dawo ba. Shi ya sa da wani Bature, malamin makaranta, ya kawo mini takardun akwatinsa, ko bayaninsa ban saurara ba. Na ce, "Mushe," wato yallaɓai da yarensu, "je ka huta, wannan aikina ne."

Na leƙa akwatin, na ga igiyoyi da ƙugiyoyi da wani ƙarfe kamar ƙaramar diga. Nan take na rubuta kayan noma, tunda harajinsu ba nauyi.

Lokacin kuwa sojoji ke mulki, kowa a tsorace yake. Shef, wato shugaban duwan, ya buɗe akwatin, ya ɗago wasu haƙoran ƙarfe masu maɗauri, ya dube ni.

"Alhaji, wace gona ake nomawa da wannan?"

Na ce, "Mai tauri, shef."

Bai yi dariya ba. Ya kira sojoji biyu, ya ce da irin wannan ake haura katangar bariki. Na wuni bisa benci tsakanin bindigogi biyu, ina jan duk addu'ar da na sani. Sai bayan la'asar Baturen ya zo da hotunansa, yana reto a jikin wani dutse, aka gane kayan hawan dutse ne. Tarar kuwa daga aljihuna ta fita.

An rushe unguwar, mun watse, amma har yau ko a gidan biki muka haɗu sai wani ya ce, "Alhaji, ya damina? Dutsen ya yi yabanya?"