Kafin a Gama Tuƙa Tuwo

A Tungar Gawo, can bayan Illela, an yi wata mata Lantana da ƙanenta Mantau, wanda furfura ta fito masa amma wayo bai fito ba. Yadda ka faɗa masa magana, haka zai ɗauke ta ɗungurungum. Ɗanta ɗaya ne, Nafi'u, kuma ɗan fari, don haka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta nuna tana kewarsa.

Wata rana Nafi'u ya sami aiki a Legas, zai hau jirgin sama daga Sakkwato. Lantana ta tsorata, don ita abin da ba ya taka ƙasa ba ta yarda da shi ba. Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. A jirgi, kafin ki gama tuƙa tuwo na isa." Ta ce wa Mantau, "Raka shi, kada ka ɗauke ido daga kansa." Jirgi ya tashi, Mantau ya kafe a bakin shinge yana kallon sama har la'asar, sai da masu gadi suka kore shi. Ya dawo gida wuya a sanƙare.

Wata rana ta yi miyar kuka irin wadda yaron yake so, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ina ma a kai wa wancan." Mantau ya suri kwanon tuwo da miya ya fita. Da magariba sai ga shi, ƙafa duk ƙaya. "Yaya, na wuce garuruwa, kowa na tambaya sai dariya. Tuwo ya huce, Legas ba ta zo ba."

Shekaru suka shuɗe, sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa, Nafi'u sai saƙon gaisuwa.

Wata rana, sallah ta matso, aka ce yana kira a shagon Alhaji Barmo, inda waya ɗaya tilo ta garin take a wancan zamanin. Lantana ta ji tsoron muryarta za ta tona ta. Ta ce wa Mantau, "Je ka ce masa kowa lafiya. Kada ka ce ina kuka."

Mantau ya ɗauki waya. "Ta ce kowa lafiya. Ta ce kada in ce tana kuka."

Nafi'u ya ce, "Kawu, Legas fa da nisa."

"Nisa? Ba kai ka ce kafin a gama tuƙa tuwo ba? Matsar da ita aka yi? To, mu dai za mu ɗora tukunya."

Washegarin sallah da hantsi aka yi sallama a zaure, sai ga Nafi'u. Lantana ta sunkuyar da kai, gefen zanenta a ido. Mantau ya dubi Nafi'u, ya dubi tukunya.

"Ka makara. Tun jiya ya huce."

Lantana ta jawo itace. "Kai dai hura wuta. Ai ɗumame ya fi daɗi."