Rasuwar 'Yar Maraɗi, Amfilifayar Unguwar Lalle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Lauwali Sammani na Unguwar Lalle yake sanar da 'yan uwa, abokan arziki da duk wanda ya taɓa neman akuyarsa ta lasifika, rasuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti wadda gari ya fi sani da 'Yar Maraɗi. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, a ƙofar gida, tana da shekara goma sha tara a bakin aiki. Saura kwana uku a fita sallar roƙon ruwa, kuma ita ce za ta kai muryar liman ƙarshen fili.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan a bayan babur, naɗe cikin bargo. Tun daga ranar ba a yi tafsiri, suna ko cigiya ba tare da ita ba. Batirin mota ɗaya ya ishe ta wuni guda. Kowace safiya da kalma biyu take buɗe baki: "Ana ji? Ana ji?" Sai ta ci gaba: "Jama'a, tunkiyar Kande ta ɓace, ja ce, tana ɗingishi, wanda ya gani ya ji tsoron Allah." Ba ta taɓa ƙara wa magana gishiri ba. Aibinta guda, ba ta da sirri. An taɓa mantawa ba a kashe ta ba, unguwa uku suka ji Hajjo, uwargidan Lauwali, tana cewa, "Malam, in ka gama cigiyar awakin mutane, taka tana cikin gonar Liman."

Bana an yi ruwa sau ɗaya, aka yi shuka, sama ta ɗauke kwana ashirin da shida. Gero ya kwanta. A cikin wannan zafin ne muryar marigayiyar ta fara shaƙewa, tana karce kamar mai mura. Lauwali ya damu. Filin idi yana da faɗi, ƙauyuka biyar za su zo, kuma bai so a ce an roƙi ruwa rabin jama'a ba su san inda za su ce amin ba.

Nan ne Attahiru, ƙanen Hajjo, ya kawo magani. Ya ga wani Bature a wayarsa yana bayanin cewa idan aka saka kayan sauti a matsanancin sanyi, ƙarfen cikinsu yakan daidaita, murya ta fito tas. Baturen bai nuna awo ba, kunnensa kawai ya kafa shaida. Lauwali ya tambaya ko an taɓa gwadawa a ƙasar nan. Attahiru ya ce shi ya sa ƙasar ba ta ci gaba ba.

Aka ɗauko Usmanu, mai aikin dabbobi a garin Isa, wanda yake da tulun ƙarfe na ruwan naitirojin da ake ajiye irin bijimai a ciki. Ruwa ne mai hayaƙi da tsananin sanyi, yatsa ba ya taɓa shi. Usmanu ya faɗa sau biyu cewa shi shanu ya sani. Aka kwance marigayiyar, aka zuba mata a cikin tasa. Ta yi ƙara kaɗan, irin ta gyaɗa a kasko, ta fito fara fat. Kafin a ɗaure murfin, farin ya narke, jikinta ya jiƙe sharkaf. Attahiru ya ce a kunna tun sanyin bai gudu ba.

Ta rayu daƙiƙa arba'in. Kalamanta na ƙarshe su ne "Ana ji? Ana—", sai tas, sai ƙauri.

Iyalan suna so a rubuta wannan daidai: a watan da gonar Lauwali ba ta ga ɗigo ba, raɓa ce ta kashe 'Yar Maraɗi.

Game da ko sanyi yana gyara sauti, shaidun daƙiƙa arba'in ɗin ba su haɗu ba. Attahiru ya rantse bai taɓa jin "Ana ji" mai tsabta irin wannan ba. Usmanu ya ce daidai take da ta jiya. Hajjo, da ke bayan katanga, ta ce ita fashewar kawai ta ji. Daga baya an gano cewa bidiyon minti goma sha ɗaya ne, Attahiru ya kalli huɗu. A sauran bakwai ɗin Baturen ya ce wayoyin jona kayan sauti kaɗai ake sakawa, a sanyaya a hankali, a bari su bushe kwana biyu. Ko a nan ma bai nuna awo ba.

Amiru mai gyaran rediyo na Bafarawa ya duba gawar. Ya ce ba ta tashi. Ya kuma ce, bayan ya jona makirfon a wata na'ura, shaƙewar tana nan yadda take. Wayar makirfo ce ta yi sako-sako. Marigayiyar lafiyarta ƙalau aka yi mata magani. Lauwali ya saurari wannan bayani a tsaye, ya yi godiya, ya hau babur.

Ta rasu ta bar lasifika biyu a kan darbejiya, batir ɗaya, waya kamu talatin, da makirfon da ya jawo abin, wanda aka gyara cikin minti biyu kuma yanzu ba shi da wurin magana.

Za a kai ta rumfar Amiru ranar kasuwar Bafarawa, inda za a raba abin da ya yi saura ga masu bukata. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar. Attahiru zai iya zuwa, amma ya bar wayarsa a gida.

Sallar roƙon ruwa tana nan ranar Alhamis da hantsi. A zo da wuri, a matso kusa. Malam Lauwali zai tsaya a tsakiyar fili ya riƙa maimaita kabbara da bakinsa. Muryarsa ta ɗan shaƙe tun Litinin. Iyalai suna roƙon kada kowa ya kawo masa magani, musamman mai sanyi.