Igiyar Wuyan Floreal

Ina wanke kofuna a ɗakin karatun ƙungiyarmu da ke unguwar Barceloneta sai wayar bango ta yi ƙara. Roser ce, jikar Floreal. Ta ce, "Gwaggo Armonia, Kaka ya tafi." Na zauna a kan akwatin littattafai, hannuna duk kumfa, na ji ina dariya hawaye na zuba. Na ji kunyar dariyar, amma abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne wuyansa.

Floreal ɗan kawuna ne. Tare muka tashi, kuma ban tuna ranar da muka gaisa da mutunci ba. Iyayenmu masu aƙidar nan ne ta ba sarki, ba ubangida, ba mai ba wani umarni, waɗanda jaridu ke kira anakis. Shi ya fi kowa riƙe ta. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya sha ɗauri, ya yi gudun hijira Faransa, bai taɓa jefa ƙuri'a ba, bai taɓa taka coci ba. Sai ga Roser, marainiyar da ya rena, za ta auri ɗan wani ƙauye kusa da garin Lleida, a coci. Ta ce shi zai riƙe hannunta ya kai ta gaba, cikin kwat, da ƙyallen nan da masu ofis ke ɗaurawa a wuya. Mu igiya muke ce masa. Ni ya aika in sayo.

Ranar da zai hau jirgin ƙasa na kai masa ita a ƙasan kwandon kifi.

"Sannu da zuwa, uwar magulmata. Wa ya gan ki?"

"Barka da hutawa, Yallaɓai. Ko ranka ya daɗe ake cewa yanzu?"

"Rufe ƙofa, tsohuwar banza! Kwamared Liberto na ƙungiyarmu yana ƙasa yana shan iska."

"Ai ya tambaye ni me ke cikin kwando. Na ce masa mutuncinka ne na tsinto a hanya."

"A ina kika saya?"

"Can unguwar Gràcia, inda ba a san fuskata ba. Mai kanti ya ce ta wa ce, kunya ta hana ni faɗa, na ce ta gawa ce."

"Kin kyauta. Gawa ba ta zuwa taron ƙungiya balle a tsare ta da tambaya."

Ya ɗago ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Ƙarnin sardin take."

"Shi kaɗai ne abin talaka a jikinta, kada ka wanke."

"Kin tuna bazarar shekara ta talatin da shida, 'yar gwaggo? Da muka tafiyar da gidajen burodi da motocin gari ba manaja ko ɗaya? Igiya ta ɓace a titi ƙaf. Masu kuɗi suka cusa nasu ƙarƙashin katifa suna aron rigar leburori. Ni da hannuna na cika buhu da su, muka yi wa jakuna ragama."

"Jaki ɗaya ya tsere. Ga shi yau an kamo shi."

Ya tsaya gaban madubi ya naɗa ta, ya zura, ya ja. Ƙulli ya fito kamar dunƙulen hannu a ƙasan kunnensa.

"Ga ta nan. Me ya rage?"

"Haka ake ɗaure jirgin ruwa, ɗan kawu. Amarya za ka raka, ba kaya za ka sauke ba."

Ya sake. Wannan karon ƙullin da ake ɗaga buhu ya yi, idanunsa suka firfito, sai da cokali mai yatsu na kwance shi.

"To ke ɗaura mini, tunda bakinki ya iya komai."

"Ni? Mijina ya rayu ya mutu wuyansa a sake."

"Ɗakin karatu fa? Ke kike share littattafan."

"Akwai na rusa gwamnati, akwai na raba gona, akwai na karɓar haihuwa. Na igiya kam marubutanmu sun manta."

Muka bi sunayen 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, mazansu da matansu. Babu wanda ya taɓa ɗaurawa, kuma ko da akwai, babu wanda Floreal zai iya nuna wa fuskarsa. Sai muka ji takun sanda a saman rufi. A benen sama Don Anselmo yake, tsohon helman tashar jiragen ruwa, wanda Floreal ya ja leburori suka yi wa yajin aiki. Tun daga nan ba su ƙara gaisawa ba. Shi kuwa ko shara zai zubar sai da igiya a wuya.

"Kada ki kalli sama."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce. Gara in rataye kaina da ita." Ya zauna bakin gado, ya jefar da ita. "Na fasa. Buga wa yarinyar waya ki ce ƙafata ta kumbura."

"Ka buga da kanka. Ba mai ba wani umarni, ko ka manta?"

"Armonia, me zan ce wa waɗanda muka bari a kurkuku ba su fito ba? Coci, kwat, sannan in ƙwanƙwasa ƙofar helma?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Su ba su tambaye ka ba," na ce. "Ita ta tambaye ka. Ba uwa, ba uba, ta shiga ita kaɗai dangin miji na kallo?" Da na ga idonsa ya kawo ruwa sai na koma inda muka saba. "Amma ka zauna. Zan gaya wa kowa jarumin da ya tsaya gaban bindigogi matakalar bene ce ta kore shi."

"Bakinki ya fi bindigogin."

Ya tsinci igiyar, ya cusa cikin riga, ya fita. Ya daɗe har na soye kifin. Da ya dawo yana haki, gumi ya jiƙa shi sharkaf, amma ƙullin nan zaune daram a tsakiyar wuya.

"Iye! Manajan banki! Durƙusawa ka yi ko kuka?"

"Ban roƙi kowa ba. Taimakon juna muka yi, yadda yake a littafi. Tukunyar gas ɗinsa na ƙasa tun jiya ba mai hau masa da ita, ko kofi bai sha ba. Na hau masa da ita."

"Da wannan ƙirjin naka?"

"Da wannan ƙirjin."

"Me ya ce?"

"Tsufa ya ci yatsunsa, Armonia. Sai ya kama ta kuɓuce. Can ya ce ɗaga haɓa."

"Ka ɗaga?"

"Na ɗaga."

"Ka bi umarnin helma!"

"Shawara ya kawo, na duba, na amince."

"In ta kwance a jirgi fa?"

"Ba mai taɓa ta. Da ita zan kwana a zaune."

A wayar nan Roser ta ce mini ya kai ta har gaba, a miƙe, bai kalli limamin cocin ba, ita kaɗai yake kallo. Washegari aka kai masa kofi bai tashi ba. Ni gwiwata ta hana ni zuwa, don haka rabuwarmu a bakin ƙofarsa ne, akwati a hannunsa, ya ɗaga wuyan kwat har kunne don kada Liberto ya gani. Ya zaro ƙyallen ƙungiya mai ja da baƙi, wanda muke ɗaurawa a wuya, daga aljihu ya danƙa mini.

"Riƙe mini wannan. Wuya ɗaya ba ya ɗaukar biyu."

"In 'yan ƙungiya suka tambaya fa?"

"Ki gaya musu gaskiya. Roser ta ce in yi, na yi."

"Ashe dai kana da ubangida, ɗan kawu."

Ya yi dariya har igiyar ta motsa.

"Uwargida ce. Tun tana rarrafe take mulkina, ban taɓa yi mata yaji ba. Kin ci, tsohuwa. Matsa in wuce."