Ruwan Tofi a Siton Albasa

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na yi a wani siton albasa a bayan garin Aliero ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ni ne mai kula da wutar wurin (ina ce wa mutane ni injiniya ne, alhali wayarin gida kawai na koya). A tsakiyar siton akwai wata 'yar na'ura mai auna zafi. Waya biyu kacal gare ta, ta nan take shan wuta, ta nan kuma take aika saƙo zuwa allon da ke ofis. In zafi ya hau, allon ya tada fankoki, albasa ta sha iska.

Sai abu ya fara. Da safe lafiya lau. Rana na take tsaka, lambobin na'urar su hau rawa, su ɗauke, fankoki su yi tsit. La'asar sakaliya komai ya dawo kamar ba a yi ba. Na auna wuta a ofis, bolt ashirin da huɗu cif. Na sa sabuwar na'ura. Washegari, daidai lokacin, ita ma ta mutu.

Baba maigadi, wani dattijo mutumin Andarai, ya same ni ina sharce gumi.

"Malam, wayag ga taka, ta ina ta bi?"

"Ta gindin tsamiyar can," na ce.

Ya daɗe yana kallona. "Tsakar rana ko awaki ba su kwanciya nan," ya ce, ya koma bencinsa.

Na yi masa dariya. Amma da na shiga siton ni kaɗai, dariyar ba ta biyo ni ba. Duhu-duhu, buhuna jere kamar mutane a tsugune, kwanon rufi yana ƙas, ƙas, kamar ana takawa a hankali. Ina tsaye fuskar na'urar ta ɗauke, ta kawo, ta sake ɗaukewa, sai ka ce ƙifta mini ido take yi. Da baya na fita.

Washegari na zo da gorar ruwan tofi a aljihu (ni na yi abina, a ɓoye). Na yayyafa wa na'urar. Nan take lambobi suka dawo, suka tsaya cak. Kwana tara ina wannan aiki, har na faɗa wa Baba, cikin muryar wanda ya ga abin da ba kowa ke gani ba.

Sai dai fankokin ba su tashi ba, warin siton kuma ya fara canzawa. Alhaji mai wurin ya matsa wani buhu na ƙasa, ruwa ya fito. Ya kira wata injiniya daga Jega, Madam Rifkatu.

Da tsakar rana ta iso. Ta auna a ofis, ta auna a jikin na'urar, abin da ban taɓa yi ba saboda ba na son daɗewa a wurin.

"Ashirin da huɗu ke fitowa, tara ke isowa," ta ce wa Alhaji. "In zafi ya hau na'urar tana ƙara jan wuta. In akwai haɗi marar kyau a hanya, can wutar ke salwanta, ita kuma ta shaƙe."

Ta shafa na'urar, ta dubi yatsunta. "Wa ke jiƙa ta?"

Na hau nazarin takalmina. Baba ya matso da alfahari.

"Ai Malam na ka yi mata tohi kullum. Ba don shi ba, da abin ya fi haka."

Madam ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. "Ruwan sanyaya ta yake, Malam. Sai ta gaya wa ofis ai babu zafi, fanka ta yi zamanta."

Daga nan ta nemi fartanya ta nufi tsamiya. Ni ina can nesa, wai ina riƙe mata jaka. Ba ta yi nisa da tono ba ta zaro waya biyu a murɗe, an naɗe su da ledar ruwa, duk sun yi kore da tsatsa.

"Wa ya yi wannan haɗin?"

Bara ne waya ta gaza mini, na ƙara wani guntu, salatif kuma ya ƙare.

"Ni ne," na ce, da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba.

Cikin minti goma ta gyara, fankoki suka tashi. Alhaji bai kore ni ba. Ya dai sa ni tsince ruɓaɓɓiyar albasa da hannuna, kwana uku, leburori na wucewa suna gaishe ni: "Sannu da aiki, Malam mai tohi." Har a tashar Maiyama an taɓa kirana da sunan.

Addu'a ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Amma yanzu kafin in ɗora wa aljanu laifi, sai na fara bin duk inda hannuna ya taɓa, don na gano a wurin aikin nan babu mai ɓarna kamata.