Cinikin Wata Shida a Kwana Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sha kunya a gaban matan ƙungiyarmu, kuma ba abin da ya jawo min sai wayona.

Sana'ata sayar da bandar kifi. Ina saro shi a Argungu, in kasa a tire a ƙofar gidanmu da ke Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Shekara huɗu ina yi, jari bai mutu ba, bai kuma motsa ba. Burina in kama rumfa a kasuwa, har na samu wata da mai ita zai tashi, ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata. Kuɗin ne babu. Ƙungiyarmu ta mata masu ƙananan sana'o'i kuwa tana ba mutum ɗaya rance duk shekara, sharaɗinta guda ne: ki kawo littafin cinikinki na wata shida.

Ni ko sisi ban taɓa rubutawa ba. Lissafina a ka yake, kuɗina a bakin zane. In an tambaye ni riba sai in ce da godiya (ba ɓoyo nake yi ba, ni kaina ban san ko nawa ce ba).

Sai dabara ta zo min. Na sayi littafi mai kaurin bango da biro kala uku, na kulle ɗaki, cikin yini biyu na haifi cinikin wata shida. Yau shuɗin biro, gobe baƙi. Wasu ranakun na sa kasuwa ta yi sanyi, don kada a ce abin ya yi kyau da yawa. Na murje gefen shafuka, na zauna a kansa ya lanƙwashe, har shayi na ɗiga masa don ya yi kama da wanda ya sha wuya. Da na gama na dube shi, gaskiya na burge kaina.

An yi zaman a tsakar gidan Hajiya Kulu, shugabarmu, tsohuwar da ta daɗe tana fataucin kifi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Mu biyu ke neman rancen, ni da Balkisu mai ƙuli-ƙuli. Nata littafin na 'yan firamare ne, ya jiƙe da mai har kana hango rubutun bayan shafi. Na tausaya mata a raina (ji ni fa).

Sakatariya ta duba nawa, ta yaba tsarinsa, na sunkuyar da kai irin na masu kunya. Hajiya Kulu ba ta yi boko ba, don haka da ta ce a miƙo mata shi ban damu ba. Ta karɓa, ba ta ko kalli rubutun ba. Ta kai shi hanci. Ta buɗe tsakiya, ta sake shinshinawa.

“Ɗiyata, kihi kika saidawa, ko?”

“Kihi na, Hajiya.”

“Wata shidda littahin ga na kusa da banda, kina taɓa kihi kina taɓa shi, amma ko ƙarni bai yi? Ni da nib bar sana'ar ga tun tuni, har yau akwatina bai daina ba. Wanga ƙamshin shago shika yi. Da ɗan shayi.”

Na ce cikin leda nake ajiye shi.

“To hannun naki hwa? Shi ma cikin leda?”

Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma littafin sai ya shiga zagaye, mata wajen ashirin, kowacce ta shinshina ta miƙa wa ta gaba, har da wata mai mura da ta ce ita ma a ba ta. Ina zaune kan tabarma ina jan zaren gefenta. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan la'asar ba.

Balkisu aka ba rancen. Rumfa kuma wani ya kama. Sai da na yi hawaye a kan kabu-kabu a hanyar gida, don na sa rai ƙwarai. Kafin in fito dai Hajiya Kulu ta mayar min da littafin ta ce, “Juya shi ta baya ki soma na gaskiya. Baɗi ki dawo.”

Don haushi na soma, kuma wata ɗaya ya ishe ni ganin abin da ban so gani ba. Kifi biyu na miyar gida. Uku na kai wa surukata. Ɗaya ga baƙuwar da ta ce ya yi kyau. Cefane daga kuɗin tire, ankon biki daga kuɗin tire. Shekara huɗu ina zagin tsadar mota ina zargin masunta, ashe babbar mai ɗibar kayana ba ta biya tana kwana a kan gadona.

Darasin da na koya shi ne, littafin ciniki ba don ƙungiya ake rubuta shi ba, don kama ɓarawon gida ne. Yanzu in zan yi miyar kifi sai na biya, in babu kuɗi in rubuta sunana a layin masu bashi. Maigidana ya ce shi bai taɓa ganin macen da ke bin kanta bashi, tana kuma ɓuyar wa kanta ba, sai ni.