Rasuwar Kwanon Wanke Hannun Gidan Tordoff

Da zuciya mai nauyi da gwiwoyi masu ciwo, Mista Wilfred Tordoff na Barnsley, tsohon ma'aikacin ramin kwal, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar amininsa, farin kwanon wanke hannu na banɗakinsa, wanda ya rabu da bango ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki.

Don wanke hannu kawai aka kawo marigayi gidan. Amma tun da gwiwoyin Wilf suka juya masa baya, shi yake dafawa ya miƙe daga kan masai, kuma marigayi bai taɓa kai maganar waje ba. Iyakarsa ya ce "ƙiii" in an ɗora masa nauyi.

Bai samu adalci a duniya ba. Da Wilf ya nemi tallafin naƙasassu, mai tantancewa ta ce kwano ba kayan taimako ba ne, kowane gida akwai shi, lafiyayyu ma suna dafawa. Da ƙarfen dafawa ne aka kafa musamman, da an ba da makin samun tallafin. Wilf ya ɗaukaka ƙara, don in babu tallafin nan, da bargo kaɗai shi da matarsa za su yi sanyin bana.

Ciwon ajalin marigayi ya fara da 'yar rawa, sai tsagewa ta gefen dama, bayan famfo. Uwargida Glenys ta sha faɗa: "Kai tsoho, ka rage cin dankali, bawan Allahn nan ba jaki ba ne." Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce "ƙaras". An iske shi da Wilf a ƙasa rungume da juna, ruwa na tsartuwa har rufi, Wilf na kira, "Glenys! Rufe ido ki zo ki rufe ruwa!"

Marigayi ya bar masai, da madubi, da buroshin haƙori biyu da suka rasa matsuguni.

Ana karɓar gaisuwa a kicin. Akwai shayi da biskit, amma a sha da lissafi, banɗakin yana cikin makoki.

An ɗage jana'iza. Lauyar da ke bin ƙarar Wilf ta ce kada wanda ya taɓa gawar, don tsagar gefen dama daidai inda hannun Wilf yake sauka take, hujja ce cewa da shi yake miƙewa. Ranar Alhamis za a suturta marigayi a kai shi kotu ya ba da shaida. Ana neman majiya ƙarfi huɗu: biyu su ɗauki mamaci, biyu su ɗaga Wilf daga kujera idan alƙali ya shigo.