Kabad Ɗin Yaya Hawa

Ba zan taɓa mantawa da kabad ɗin auren Yaya Hawa ba, ko da na so in manta mutanen unguwarmu Nima ta Accra ba za su bar ni ba.

A lokacin ina makarantar midil, aka kawo mana wani ticha mai koyar da zane. Shi ya nuna mana yadda ake sa akwati ya taso daga cikin takarda. Abin ba wuya. Ka zana murabba'i, ka ja layi a kwance daidai tsayin idonka, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan layin. Sai ka ɗauko rula ka ja layi daga kowace kusurwa zuwa ɗigon nan, ka datse su da wani ƙaramin murabba'i a ciki. Shi ke nan, akwati ya yi zurfi. Na kusa babba, na nesa ƙarami, kamar yadda titi ke tsukewa in ka hango shi daga bayan motar haya ta trotro.

Ni fa daga ranar kaina ya kumbura. Bangon gidanmu, ƙofar banɗaki, allon ƙanena na makarantar allo (wannan na sha duka a kansa), duk sun zama akwatuna.

Sai auren yayata ya taso. A Zongo kuwa amarya ba kabad, ba amarya ba ce. A ciki ake jera kwanuka da tukwane, dangin ango su zo su duba, su je su ba da labari. Mma, mahaifiyarmu, ta ce za ta je unguwar Maamobi ta yi wa Papa Kojo kafinta bayanin irin wanda take so. Na ce, "Mma, bayani da baki ai na mutanen da ne. Bari in zana masa."

Na zana kabad a buɗe, ana ganin cikinsa, kantoci duk sun nufi ɗigona. Don ya ƙara kyau na matse bayan sosai. Da na kai masa, Papa Kojo ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Masta, wannan kabad, baya shi ƙarami haka?"

Yaransa na kallona. Maimakon in ce ido ne kawai ke ganin haka, sai na gyara tsayuwa na ce, "Papa, wannan ilimi ne. Kai dai yi yadda ka gani, kada ka ƙara, kada ka rage."

Ya ce, "Yoo." (Duk wanda ya zauna a Accra ya san in dattijo ya ce maka "yoo" a sanyaye, ka shiga uku.)

Ranar jere aka turo kabad a amalanke, an lulluɓe shi da zani. Tsakar gida cike da mata. Ni kuwa na sa rigar sallata na tsaya kusa, na riga na gaya wa kowa har mai koko na bakin titi cewa aikina ne.

Aka yaye zani. Daga gaba lafiya lau. Aka buɗe ƙofa, sai ga zanena, rai da rai. Gaba faɗin mutum uku, baya ko kyanwa sai ta yi azumi kafin ta shige. Kantocin sama sun gangara ciki, na ƙasa sun gangaro waje. Papa Kojo bai ƙara ba, bai rage ba.

Gwaggon ango, wata Hajiya mai haƙorin Makka, ta leƙa ciki ta daɗe, ta ce, "Wannan daga Abidjan aka kawo shi?"

Da na yi shiru da na tsira. Sai bakina ya ce, "Sabon yayi ne, Hajiya."

Ta ɗauki babban kwanon amarya ta ɗora a kantar ƙasa. Kwano ya yi ɗan tunani, ya sulalo, ya faɗi ƙwal, murfi ya yi gabas, shi ya yi yamma, ya gangara tsakar gida yana waƙa har ya faɗa kwata. Aka sa tukunya a kantar sama, ita kuma ta zarce ciki ta maƙale, sai da aka sa muciya.

Hajiya ta ce, "To, yayin nan ba ya son kwano."

Mata suka fashe. Yaya Hawa ta ɗaga mayafi ta kalle ni, ta ce da bakin 'yan Accra, "Cale, abokina, in ka isa ka kwana gidan nan yau."

Kabad ɗin maƙwabciyarmu aka kwashe aka ara, aka kai amarya da shi. Yaya Hawa ba ta ƙara yi mini magana ba sai ranar sunan ɗanta na fari, shi ma cewa ta yi, "Injiniya, miƙo buta." Sunan ya bi ni har yau.

Nawa kabad ɗin Mma ta mayar da shi akurkin kaji, kuma a nan ya yi suna: kaza na yin ƙwai, zai gangaro da kansa har bakin ƙofa.

Har gobe ina zana akwatuna, ɗigona na nan daram. Amma in mai guduma ya tambaye ni ko baya ƙarami ne, zama nake in yi masa bayani dalla-dalla, har sai ya ce na ishe shi.